Dan Allah a bar makilin a kan buroshi, ruwa ake zuba wa ƙuna

Sanyi ya fara shigowa, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti a irin wannan lokacin ya san daga Disamba zuwa Fabrairu ɓangaren masu ƙuna ba ya rabo da yara. Ruwan wanka ne aka dafa aka ajiye a tsakar gida aka shiga ɗauko soso, kurfoti ne aka shigar ɗaki don a ji ɗumi, filas ɗin shayi ne a bakin katifa, kunu ne aka sauke yanzun nan mai rarrafe ya je ya jawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum wajen 180,000 duk shekara, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu ne, inda ake girki a ƙasa yara na wasa a gefe. Toh faruwar abin wani lokacin ba yadda za ka yi, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Abin da ke ci min rai shi ne abin da muke yi a mintunan da suka biyo baya, don a nan ne ƙaramar ƙuna take komawa babba, kuma da hannunmu.

Maganar ba ta da tsawo: mutum ya ƙone, ka raba shi da abin da ya ƙona shi, ka sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20. Ba minti biyu ba, ba a ɗan yayyafa a ce shikenan ba, ashirin cif, ka duba agogon waya. Dalilin kuwa, in ka sauke dafaffen ƙwai daga wuta ai cikinsa bai daina dahuwa ba sai ka tsoma shi a ruwa, haka fata take, an ɗauke wutar amma zafin da ya riga ya shiga yana ci gaba da cin naman ƙasa. Ruwan ne ke janye zafin, ya rage raɗaɗi, ya rage kumburi, kuma sau da yawa shi ne bambancin ciwon da zai warke da kansa a sati biyu da wanda sai an yanko fata daga cinya an dasa. Ko an makara ma ba a fasa ba, indai ba a wuce awa 3 da ƙonewar ba ruwan yana da amfani.

Amma ka je ka faɗi haka a gidan da yaro ke tsala ihu ka ga yadda za a kalle ka. Ruwa ai ba magani ba ne a wurinmu, ya yi arha da yawa, dole sai an shafa wani abu kafin hankali ya kwanta. Kwanakin baya a layinmu wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba ta jawo kofin shayi ya zubo mata daga kafaɗa zuwa ƙirji, kafin in shiga gidan tsakar gidan ya cika maƙil, kowa da abin da ya riƙo. Uwar ta rungume ta tana jijjigawa, rigar da shayin ya jiƙa tana nan a jikinta ba a cire ba, wata ta fasa ƙwai a murfin kwano, wata ta aiki yaro shago ya sayo makilin, kakar kuma tana cewa a kawo manja. Na ce a cire rigar a miƙo min buta. Tsohuwar ta ce, "Kai ɗan nan, ruwa a ƙuna? Ai tashi zai yi, bororo zai yi." Na ce, "Inna ki yi haƙuri, ki ba ni minti ashirin kawai, in bai yi ba a yi naki." Ba don ta yarda ba, don dai ta ga na riga na fara ne ta ja bakinta ta yi shiru. Muka zaunar da yarinyar a cinyar uwar, muka karkata ta yadda ruwan zai gangara ƙasa ba zai bi cikinta da bayanta ba, yayyenta biyu suna cika butoci daga randa suna miƙowa. Wajen minti na biyar kukan ya koma shessheƙa, in aka ɗan tsaya canjin buta sai ta sake ɓarkewa, in ruwa ya dawo sai ta lafa, ita kanta Innar da ta ga haka ita ta koma cewa "ku yi sauri mana ku ciko." Daga nan aka wuce da ita asibiti.

Wannan magana ta cewa ruwa ne ke sa ƙuna ta tashi ta zauna mana a kai sosai. Bororo zurfin ƙunar ne ke kawo shi, in zafin ya kai shimfiɗar fata ta biyu zai taso ko an zuba ruwa ko ba a zuba ba, sai dai mutane sun ga an zuba ruwa sannan ya taso sai a ɗora wa ruwa laifi.

Su kuma abubuwan da muke shafawa, makilin sanyin da ake ji na sinadarin na'a-na'a ne da ke cikinsa, yaudarar fata kawai yake yi, ba ya fitar da zafin da ke ciki, sannan ya bushe ya ƙame a kan ciwon. Manja da man gyaɗa da man shanu da basilin rufe wurin suke yi su riƙe zafin. Ɗanyen ƙwai ƙwayoyin cuta ne ka ɗauko ka zuba a inda fata ta buɗe. Gishiri kuwa azaba ce zalla, ban san wanda ya fara kawo wannan ba. Akwai masu baƙin mai na inji, akwai gasara, akwai toka, akwai gashin zomo, har kashin shanu ana sawa a wasu ƙauyuka, wanda shi kuma hanya ce ta kai tsaye zuwa tetanus. Har jibi, shuɗin maganin nan na kemis da ake gani kamar na asibiti ne, likitoci ba sa son a zo musu da shi, don in ka rine wurin ba za su iya ganin launin ciwon ba, kuma da launin suke gane zurfinsa. Abin da mai shafawar bai sani ba shi ne duk abin nan sai an wanke shi tas a asibiti kafin a yi komai. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ɗakin wankin ciwo ya ji ihun yaron da ake goge wa busasshen makilin daga ɗanyen nama, wallahi ba zai sake bari a shafa wa nasa ba.

Ƙanƙara ma a'a. Na san wannan zai ba wasu mamaki don suna ganin ai in sanyi ake nema ita ta fi. Ƙanƙara matse ƙananan jijiyoyin jini take yi, wurin da yake neman jini ya farfaɗo sai ka datse masa, ƙunar ta ƙara zurfi. Ruwan famfo, ruwan randa, ruwan rijiya mai tsabta, sun isa.

Yanzu ga inda matsalarmu take. Masu rubuta shawarwarin nan suna cewa a sa hannu ƙarƙashin famfo, mu kuwa unguwanni nawa ne famfo ke kawo ruwa, wasu gidajen ma kan famfon ya zama wurin rataye tsumma. Toh ba sai da famfo ba. Buta ta fi komai dacewa, bakinta siriri ne, ruwan na fita a hankali ya daɗe, ba ƙarfin zuba ake so ba, ci gaba da zuba ake so. Butoci biyu, mutum ɗaya na zubawa ɗaya na cikowa. In hannu ne ko ƙafa kuma ruwan gidan kaɗan ne, a cika bokiti ko roba a tsoma, a riƙa ɗan motsa ruwan, da an ji ya fara ɗumi a canja. In a kasuwa ne ko tasha, fiya wata na nan ko'ina, a sayi jaka guda a riƙa huda ƙaramin baki ana tsiyayawa ɗaya bayan ɗaya, sai dai ba wanda ya daskare ba. In mai ruwa na wucewa da kura a tsayar da shi a sauke jarka, kuɗin jarka biyu bai kai kuɗin bandeji ɗaya ba. In fuska ce ko wani wurin da ba ya tsomuwa, tsumma biyu masu tsabta a jiƙa, a ɗora ɗaya, kafin ya ɗauki zafi a musanya da ɗayan, haka haka har lokacin ya cika. Duk taron nan da ke tsaye suna salati suna ba da shawara, ga aikin da za a ba su, ɗaya ya riƙe waya yana duba lokaci, biyu su yi jigilar ruwa, ɗaya ya fita neman adaidaita.

Sai dai a kula da abu ɗaya, musamman da hunturun nan: ƙunar ake sanyayawa, ba mutumin ba. Ƙaramin yaro jikinsa na saurin yin sanyi, in ka tsoma shi gaba ɗaya a baho da asubar Janairu za ka jawo wata matsalar da ta fi ta farko. A lulluɓe sauran jikin da bargo ko zani busasshe, ruwan ya tsaya iya inda ya ƙone, in aka ga ya fara karkarwa a dakata. Haka tsofaffi. In kuma ƙunar ta ci rabin jiki ba zancen zama a cika minti 20 ana jiƙa mutum sharkaf, a kashe zafin, a lulluɓe da zani mai tsabta, a kama hanya.

Tufafi kuma, wanda ruwan zafi ko mai ya jiƙa a cire shi nan take, don riƙe zafin yake yi a jikin fata, har famfas ɗin yaro a duba, ruwan zafi na taruwa a ciki ba a lura ba. In ba ya ciruwa ta kai a sa almakashi. Amma wanda ya narke ya manne da fata kar a ja, a yanke kewayensa a bar shi, a zuba ruwan a kansa. Yadin hijabai da yawa na yanzu roba ne, in ya kama wuta narkewa yake ya liƙe, kuma ga shi da faɗi yana shawagi a kan risho ko gas, mata dan Allah a riƙa cirewa ko a ɗaure kafin a tsaya gaban wuta. Zobe, awarwaro, agogo, a cire tun kafin wurin ya kumbura. Na ga wata mai suyar awara da mai ya fallatso mata a hannu, aka yi ta fama da ciwon aka manta da zoben azurfa a yatsarta, zuwa dare yatsar ta yi suntum ta fara canja launi, zoben ya nutse a cikin nama sai da aka nemo abin yanka ƙarfe aka datse shi. Da a mintin farko ne da ɗan murzawa kawai zai fita.

In wutar tana jikin mutum tana ci, abin da ransa zai ba shi shi ne gudu, gudun kuwa iska yake ba ta. A kayar da shi ƙasa ya yi birgima, a rufe shi da bargo mai kauri ko a kwara masa ruwa. Kaskon mai kuma in ya kama, a nan kam zan ce kar a kusanto da ruwa, ruwa a tafasasshen mai tashi yake yi sama ya watsu a fuskar mai zubawa, a kashe wutar ƙasa a kifa murfi ko faranti a kai a bar shi.

Bayan an gama sanyayawa sai rufewa, kuma abin da ya fi dacewa zai ba ka dariya: leda. Farar ledar nan mai laushi ta naɗe abinci, a shimfiɗa ta a kan ciwon, shimfiɗawa fa, ba a naɗe hannu tamau ba don zai kumbura. In babu, sabuwar farar leda da ba a taɓa sa komai a ciki ba, a zura hannun ko ƙafar. Ba ta mannewa, tana hana iska taɓa wurin wanda shi ne rabin raɗaɗin, kuma likita zai iya gani ta cikinta. Ban da fuska, kar a sa wa kowa leda a fuska. Auduga kuwa da tishu da tawul mai gashi-gashi a nisanta su, zarensu shiga ciwon yake sai an tsince ɗaya bayan ɗaya. Bororo a bar shi, kar a sa allura ko reza, rufi ne da jiki ya yi wa kansa, in ma za a fasa a bar wa ma'aikatan lafiya. A ba da farasitamol daidai shekaru, yara ban da asfirin.

Wace ƙuna ce ta gida wace ce ta asibiti? Ma'aunin yana jikin mai ciwon, tafin hannunsa har da yatsu kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa, nasa fa, ba naka ba, in jariri ne ɗan tafin nan nasa. Duk ƙunar da ta fi wannan faɗi a je asibiti. In a fuska ce, ko hannu, ko tafin ƙafa, ko al'aura, ko kan gaɓa, ko ta zagaye hannu ko ƙafa, ko ƙarama ce a je. Yaro ƙasa da shekara 5, mai ciki, tsoho, mai ciwon suga, a je. Sannan ga wadda ke yaudarar mutane, wurin ya yi fari fat ko ya yi baƙi ya ƙame kamar ƙirgi, mai shi ya ce ba ya jin zafi, sai a ce alhamdulillahi da sauƙi. Ba sauƙi ba ne, jijiyoyin da ke jin zafin ne suka ƙone, ita ce mafi muni, kuma ba ta rufewa da kanta yadda ya kamata.

Na san a garuruwa da yawa in an ƙone gidan maƙera ake nufa, tun kaka da kakanni an san su da maganin wuta, kuma ni ba zan zauna a nan in zagi gadon kowa ba. Addu'a da tofi ba su hana ruwa zuba ba, a yi su tare. Abin da nake roƙo shi ne kar a shafa komai a buɗaɗɗen ciwo, kuma kar a kwana uku ana jiran ganin hali, don babbar ƙuna ba ta fata kaɗai ba ce. In ta kai kashi 10 cikin 100 a yaro, ko 15 a babba, ruwan jiki tsiyayewa yake yi daga jijiyoyi, jini ya yi ƙasa, ƙoda ta tsaya, mutum yana magana da kai lafiya lau da rana zuwa gobe a ce ya tafi. Shi ya sa ake rige-rigen ɗaura ƙarin ruwa, kuma a lissafin da likitoci ke yi rabin ruwan da za a ba shi a awa 24 na farko a cikin awa 8 na farko ake so ya shiga, ana ƙirgawa daga lokacin da ya ƙone, ba daga lokacin da ya iso ba. Kenan duk awar da aka ɓata a gida bashi ce. In tafiyar da nisa kuma mutum yana cikin hayyacinsa ba ya amai, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa kaɗan-kaɗan a hanya.

Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren 15 ga Oktoban 2024, ya nuna wannan ƙarara. Tanka ta faɗi, mutane suka taru kwasar fetur, ta kama. Washegari ana maganar mutum sama da 140, amma adadin bai tsaya ba, ya yi ta hawa a kwanakin da suka biyo har ya haura 200, saboda da yawa an kai su asibiti da ransu, ƙunar ce ta ci gaba da aikinta. Wata uku bayan nan, 18 ga Janairun 2025, aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko a jihar Neja, kafin su kuma an yi a Yamai a watan Mayun 2019 kusa da filin jirgi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A irin wannan wuta, da ma gobarar ɗaki, akwai ƙunar da ba a gani, ta hanyar numfashi. In ka ga gashin hancin mutum ya babbake, ko baƙin hayaƙi a bakinsa da majinarsa, ko muryarsa ta dishe, ko da jikinsa ba wani ciwo sosai, shi za a fara sawa a mota, a zaune ba a kwance ba, don maƙogwaro na iya kumbura ya toshe bayan wasu awanni. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, a kira, amma kar a tsaya jiranta in akwai abin hawa a kusa.

Na lantarki, kar ka taɓa mutum sai an kashe wutar daga mita ko an ture wayar da busasshen itace, in babbar wayar kan turke ce kar ma a matsa. Kuma ko ciwon da ke waje ɗan tabo ne a kai shi asibiti, wutar ta bi ta cikin jiki, tana iya taɓa zuciya. Ruwan batir da sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, a cire kayan da suka jiƙa a yi ta kwarara ruwa, su ma aƙalla minti 20, gara ma a wuce haka, in a ido ne a buɗe idon a yi ta zubawa ta yadda ba zai gangara cikin ɗayan ba. In garin sodar ne ko siminti a kakkaɓe shi tukuna kafin ruwa.

Akwai kuma masu farfaɗiya, waɗanda ƙunarsu kan fi ta kowa muni, ba don komai ba sai don in ta tashi mutum ya faɗa murhu mutane ja da baya suke yi, wai kar yawunsa ya taɓa su su ɗauka. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta yawu ko ta taɓawa. Ka janye shi daga wutar, ka kwantar da shi a gefensa, kar ka cusa masa cokali a baki, ka zuba ruwa a inda ya ƙone. In akwai mai ita a gida a daina barinta ita kaɗai a gaban wuta.

Wadda aka yi jinyarta a gida kuma a sa mata ido. In ta fara wari, ko ruwan da ke fita ya canja launi, ko ja ya fara yaɗuwa a kewaye, ko zazzaɓi ya shigo, an wuce gida. A tambayi allurar tetanus. In sati biyu ya cika ba ta rufe ba to ta fi yadda aka zata zurfi, a nemi babban asibiti inda ake da likitocin dashen fata, irin su asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Kuma in a yatsu ne ko gwiwar hannu ko wuya, kar a bar yaro ya dunƙule wurin don gudun zafi, haka fatar za ta warke a dunƙule, yatsu su manne da juna, sai an dawo an yi tiyata an raba. A asibiti za a naɗe kowace yatsa daban a kuma nuna muku yadda za a riƙa motsa ta kullum, zai yi kuka, a daure a yi masa.